Baƙin yashin Jos ko maganaɗisun matattun kwamfutoci: wanne zan ɗauka a binciken digirina na biyu?

'Yar Sinadarai ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar ma'adinai, ko suka daɗe suna aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Ina digiri na biyu ne a fannin kimiyyar sinadarai a wata jami'a a nan Arewa. Karatun aji ya ƙare, saura bincike, kuma malamin da ke duba aikina ya ajiye mini hanyoyi biyu, ya ce in zaɓi ɗaya kafin ranar da zan gabatar da tsarin bincikena a gaban malaman sashe.

Duka biyun a kan ƙarafan nan 17 ne da manyan ƙasashe ke rububi a kansu yanzu, wato dangin lantanam su 15, sai sikandiyam da itiriyam. Wanda ya fi ɗaukar hankalina a cikinsu shi ne niyodimiyam, domin da shi ake yin maganaɗisu mafi ƙarfi da ke kasuwa. Tun farkon shekarun 1980 da Masato Sagawa a Japan da John Croat na kamfanin General Motors a Amurka suka gano haɗin niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, kowanne a nasa ɓangaren, wannan maganaɗisu ya shiga ko'ina: abin sauraro na kunne, injin mota mai aiki da lantarki, manyan fankokin da ke samar da wuta daga iska. Kusan kashi 90 cikin 100 na aikin tace waɗannan ƙarafa a ƙasar Sin ake yin sa. A watan Afrilun 2025 da Sin ta gindaya sharaɗin lasisi kan fitar da guda bakwai daga cikinsu, har da disfirosiyam da tabiyam, sai da wasu masana'antun motoci a ƙasashen waje suka dakatar da aiki na ɗan lokaci saboda rashin kayan haɗi.

Hanya ta farko ita ce in je Filato in ɗebo baƙin yashin da ake bari bayan an wanke kuza, in ware monazayit, wato ma'adinin da ke ɗauke da waɗannan ƙarafa, daga ciki, in narka shi in ciro ƙarafan. Hanya ta biyu ita ce in tara matattun ma'ajiyar bayanan kwamfuta, wato had-disik, in cire maganaɗisun da ke ciki in dawo da niyodimiyam ɗinsa.

Na riga na kwance had-disik na tsohuwar kwamfutar tebur don in gani da idona. A kusurwa ɗaya, inda gindin hannun da ke karanta faifan yake, akwai maganaɗisu biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, fari ƙal saboda rufin nikel, kowanne manne da farantin ƙarfe. Sukudireba ba ta iya raba su da farantin. Da na sa su a tanderun lab na kai zafi digiri 350 a ma'aunin Salshiyas, ƙarfin jan ya mutu, gam ɗin ya ƙone, suka saki da kansu. Da na fasa ɗaya, cikinsa toka-toka ne mai ƙyalli, yana da gautsi, ba ya lanƙwasuwa sai dai ya ɓare.

Gaskiya zuciyata tana Jos. Arzikin ƙasarmu ne, kuma ina ganin in 'ya'yan ƙasa ba su koyi sarrafa shi ba, haka za a ci gaba da lodin sa a buhu ana fita da shi ɗanye. Amma monazayit yana ɗauke da toriyam, wani ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya, kuma ɗakin gwajinmu akwatin zuƙe hayaƙi ɗaya gare shi, wuta kuma sai an tada janareta. Ba mu da na'urar ICP mai auna yawan ƙarafa a cikin samfur, duk samfurin da zan auna sai na aika wani wuri na biya daga aljihuna.

Abin da ya fi hana ni barci ma shi ne kalmar da ke cikin taken binciken: ana so aikin ya zama mai ɗorewa, wanda ba ya cutar da muhalli. To in na zuba asid mai ƙarfi lita-lita don in samu 'yan giram na hoda, na bar bokitin gurɓataccen ruwa a bayan lab, da wane baki zan ce na yi aikin kare muhalli? Wannan ita ce ainihin tambayata. Wace hanya ce za ta yiwu da irin kayan aikin da nake da su, kuma ta yaya zan tabbatar ba sunan ɗorewa kawai na liƙa wa aikin ba?

Ɗan Bukuru ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ni ba masanin sinadarai ba ne, amma a cikin wannan yashin da kike magana na tashi. Kakana leburan kuza ne, daga ƙasar Kano ya zo bariki neman kuɗin haraji, ya zauna har ya rasu a nan. Turawa sun fara haƙar kuza gadan-gadan a tudun Jos tun farkon ƙarnin da ya wuce, har ƙaramar hanyar jirgi suka shimfiɗa daga Zariya wadda ta iso Bukuru a 1914 don kwasar ta. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambayit, wani ma'adini da ake samu tare da kuza. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya watse, aka bar mana kududdufai da tsibin yashi daga Rayfield har Barikin Ladi.

Har gobe ana yi. Matasa na shiga ramin loto, wato ramin haƙar kuza da hannu, mata na wanki a bakin ruwa da kwano, a kai abin da aka samu injin da ke rarrabe shi da maganaɗisu da lantarki. Nan ake ware kuza gefe, kwalambayit gefe, ma'adinin zakon gefe, monazayit gefe. Monazayit ɗin launin zuma-zuma yake, ƙwayoyinsa ƙanana, amma ki ɗaga rabin buhu ki ji nauyi. Masu saye na zuwa su auna su biya su tafi da shi. Yaran da ke aiki a injin nan ba mai sa takunkumi, ƙura ce ta ke rufe su tun safe har yamma, a nan suke cin abinci, wani ma a kan buhunan yake kishingiɗa ya yi barcin rana. Ragowar yashin kuma mutane na ɗiba su yi bulo da shi ko su yi shafen ɗaki, domin yana nan a banza kuma yana da laushi.

Saboda haka ni roƙona, kada ki guji Jos. Amma ba sai kin narka komai ba. Ki zo ki auna mana. A gaya mana wane tsibi ne mai haɗari, wane ne ba shi da shi, ɗakin da aka shafe da wannan yashi me yake yi wa mai kwana a ciki. An sha zuwa daga jami'o'i ana ɗibar samfur, ana rubuta takardu da Turanci, amma ban taɓa ganin wanda ya dawo ya tara masu injin ya yi musu bayani da Hausa ko Birom ba. In ana maganar bincike mai amfani ga jama'a, a ganina wannan ne.

Dakta daga Pahang ta amsa:

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na yi digirina na uku a Malesiya kuma har yanzu ina nan, shi ya sa da na ga tambayarki na kasa wucewa. Labarin yashin Jos an riga an yi irinsa a nan, kuma ya kamata ki san yadda ya ƙare.

Malesiya ma ƙasar kuza ce, suna kiran ragowar wankinta amang. A 1982 wani kamfani mai suna Asian Rare Earth, wanda Mitsubishi na Japan ke da hannun jari a ciki, ya buɗe matata a Bukit Merah kusa da Ipoh, yana ciro waɗannan ƙarafa daga monazayit ɗin amang, daidai abin da hanyarki ta farko ke nufi. Toriyam ɗin da ya rage shi ne ya zama bala'i. Mutanen garin suka fara kokawa kan cutar sankarar jini a yara da haihuwar jarirai masu nakasa, kamfanin ya musanta cewa daga gare shi ne, aka tafi kotu. Babbar kotun Ipoh ta ba da umarnin rufe shi a 1992, kotun ƙoli ta soke hukuncin, amma duk da haka a 1994 aka rufe matatar. Aikin kwashe dattin da binne shi a cikin tsauni ya ci kimanin dala miliyan 100, kuma an shafe shekaru ana yi. Shi ya sa da kamfanin Lynas ya zo ya kafa tasa matatar a Gebeng kusa da Kuantan, wadda ta fara aiki a 2012 da ma'adinin da ake kawowa daga Mount Weld a Ostareliya, jama'a suka fito zanga-zanga. Har yau rigimar inda za a ajiye ragowar dattin ba ta mutu ba.

Ga abin da ya sa nake ce miki ki bar narka monazayit. Muddin yana cikin ƙwayarsa, toriyam a ɗaure yake, babban haɗarinsa ƙura ce da daɗewar zama kusa da shi. Ranar da kika gasa shi da asid ɗin salfa mai kauri a zafi sama da digiri 200, ko kika dafa shi da soda mai ƙuna, kin kwance shi ke nan. Ya shiga ruwa, ya shiga takardar tacewa, ya shiga kwalabe da safar hannu, tare da radiyam ɗin da yake haifarwa. Toriyam kuwa sai ya yi shekara biliyan 14 kafin rabinsa ya lalace. Ina za ki kai wannan bokitin? Ba abin da za ki zuba a kwata ba ne, kuma aiki ne da ke ƙarƙashin ikon hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA. Kafin ki gama bin takardu lokacin karatunki ya ƙare.

Sannan ki duba abin da za ki samu. A cikin ƙarafan da ke monazayit, seriyam ne kusan rabi, lantanam kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma su biyun nan ba su da tsada don sun yi wa kasuwa yawa. Niyodimiyam bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma raba shi da 'yan'uwansa shi ne aikin da ya gagari ƙasashe da dama, domin halayensu kusan ɗaya ne, a matatu sai an bi matakan tacewa ɗaruruwa. Shi kuwa maganaɗisun da ke hannunki, kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa niyodimiyam ne da ɗan'uwansa firasiyodimiyam, an riga an tace, babu toriyam. Wani ya riga ya sha wahalar a Baotou, birnin matatun waɗannan ƙarafa a ƙasar Sin, ƙasarsu ta riga ta ɗauki dattin. Abin takaici, abin da ake dawowa da shi daga tsofaffin kaya a duk duniya bai wuce kashi ɗaya cikin 100 ba.

Maganar Malam Ɗan Bukuru gaskiya ce, kuma ta taɓa ni. Sai dai wannan aikin masu kimiyyar fiziks ne da ke da na'urar auna tururin nukiliya, ba na ɗalibar sinadarai mai akwatin hayaƙi ɗaya ba. In kuma kin je ganin ido, kada ki kawo yashin gida ko ɗakin kwanan ɗalibai. Mun ga abin da niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ya jawo a Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe.

Mai Gyaran Kwamfuta, Titin Beirut ya amsa:

Hajiya, ni nawa ɓangaren na kasuwa ne, bari in gaya miki yadda abin yake a Kano. Had-disik in ya mutu ba ma jefar da shi. Ana tarawa a kwali, 'yan jari-bola su zo su saya. Abin da suke so shi ne fanel ɗin da ke bayansa da kuma gangar jikin ta alminiyam. Maganaɗisun ba wanda ya san darajarsa. Yawanci yana tafiya manne da farantinsa cikin tarin baƙin ƙarfe, a loda a mota zuwa kamfanonin narka rodi, shi ke nan ya salwanta. Wasu kuma mu muke riƙewa a kan tebur don ya kama mana ƙananan kusoshi kada su ɓata.

Ki nemi na kwamfutar tebur, manyan nan, su ne masu nama. Maganaɗisun ciki bai cika wuce giram 10 zuwa 20 ba. Na laftof ɗan mitsitsi ne, wahalar kwance shi ta fi amfaninsa. Ki sayi sukudireba mai bakin tauraro, akwai kusa guda da suke ɓoyewa a ƙarƙashin takardar da ke liƙe a murfin, in ba ki cire ta ba sai ki yi ta fama. Kuma kada wani ya sayar miki da baƙin maganaɗisun sifikar rediyo ya ce duk ɗaya ne. Wancan feraiti ne, ba abin da kike nema a cikinsa.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, faifan ciki yana ɗauke da sirrin mutane, hotuna da takardun ofis. Ki ce a cire miki maganaɗisun a gabanki, a bar wa mai shago sauran, ko a fasa faifan. Na biyu, wannan kaya yana ƙarewa. Yawancin sabbin kwamfutoci SSD gare su, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai marar faifai, babu maganaɗisu a cikinta ko kaɗan. Nan da 'yan shekaru sai an tona kafin a samu had-disik. Inda na ga abin zai koma shi ne babura da keke masu caji da suka fara shigowa, a cikin tayar baya an jera irin wannan maganaɗisu zagaye guda. In kina rubutu ki sa wannan a lissafi.

'Yar Sinadarai ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti Dakta, labarin Bukit Merah ya isa hujjar da zan kai wa malamina. Na yi lissafi a kan abin da Malam na Titin Beirut ya faɗa: in na samu had-disik 100, kowanne da giram 15, kilo ɗaya da rabi ke nan na maganaɗisu, wanda ke ɗauke da kusan giram 450 na ƙarafan da nake nema. Wannan ya ishi bincike har ya yi saura.

Amma tambayata ta biyu tana nan. Ina tunanin in guje wa asid mai ƙarfi gaba ɗaya, in gwada na 'ya'yan itace. Tsamiya tana da asid ɗin tatarik mai yawa, lemon tsami na da sitirik, kuma duka ana samun su a kowace kasuwa. In ruwan tsamiya zai iya narka hodar maganaɗisu, ai an samu hanyar da ba ta buƙatar shigo da komai daga waje. Ko akwai wanda ya san inda wannan tunani zai ci karo da matsala?

Tsohon Ma'aikacin Lab ya amsa:

'Yata, na yi shekaru ina shirya wa ɗalibai irinki kayan gwaji kafin in yi ritaya, bari in ba ki abin da na sani.

Tunanin tsamiya ba shi da laifi, amma ki sa shi a ƙarshe, ba a farko ba. Tsamiyar da kika saya yau da wadda za ki saya wata mai zuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba, ga sukari da yauƙi da za su toshe miki takardar tacewa. Mai jarrabawa zai tambaye ki nawa ne ƙarfin asid ɗin, ki rasa amsa. Ki fara da tatarik da sitirik tsantsa na kwalba, ki san halinsu, sannan ki gwada na kasuwa ki kwatanta. Kuma ki cire wa ranki cewa duk abin da ya fito daga itace ba ya ɓarna. Asid marar ƙarfi yana da nawa, yana son zafi, yana son ruwa da yawa. In kin kwana kina dafa shi a kan wutar janareta, man dizal ɗin da kika ƙona ya cinye ladar.

Babban abokin faɗanki a wannan aiki baƙin ƙarfe ne. Kusan kashi biyu cikin uku na maganaɗisun shi ne, kuma duk asid ɗin da zai narka niyodimiyam zai narka shi. Hanyoyin da aka sani guda biyu ne masu sauƙin kuɗi. Ko dai ki narka komai a asid ɗin salfa mai ruwa-ruwa, ki zuba sodiyam salfet, niyodimiyam ya kwanta a ƙasa a matsayin gishiri mai haɗe biyu, ƙarfen ya zauna a ruwa. Ko kuma ki fara gasa hodar a iska har ƙarfen ya koma tsatsa, domin tsatsar da ta gasu ba ta saurin narkewa, sai ki bi da asid kaɗan ya ɗebo niyodimiyam ya bar mafi yawanta. Ta biyun tana rage asid amma tana cin wuta, kuma in gashin ya yi yawa niyodimiyam da ƙarfen kan haɗe su zama wani abu mai taurin kai. Kin ga nan ma akwai abin bincike: wane zafi ne daidai.

Daga nan sai asid ɗin okzalik. Ranar da kika ɗiga shi a ruwan da kika tace, za ki ga hoda ta sauko mai launin ruwan hoda da ɗan shuɗi-shuɗi, wadda launinta ke sauyawa tsakanin hasken rana da na fitilar lab. Ki tace, ki wanke, ki ƙona a wajen digiri 800. In ta fito ruwan ƙasa-ƙasa kada ki tsorata ki ce ta lalace, firasiyodimiyam ne ke ba ta wannan launi. Kada ki ce za ki raba su biyun. Masu yin maganaɗisu ma a haɗe suke sayen su.

Kiyaye abu biyu don Allah. Hodar maganaɗisu in ta yi laushi sosai tana iya kamawa da wuta da kanta, don haka kada ki niƙa da yawa a lokaci guda, kada ki tara ta a buɗe kusa da takarda. Sannan lokacin da take narkewa a asid iskar haidirojin ce ke tashi, ki zuba kaɗan-kaɗan a cikin akwatin hayaƙi, ba wuta a kusa, kuma ki tabbata fankar akwatin na juyawa kafin ki fara.

Yanzu ga amsar ainihin tambayarki. Ki sayi littafi guda na daban. Duk gwajin da kika yi, ki rubuta giram nawa na asid ya shiga, lita nawa ta ruwa, awa nawa tanderu ya yi a kunne da ƙarfin wutar da yake ja, nawa ne nauyin abin da ya rage, sannan ki raba duka da giram ɗin hodar da kika samu. Ki yi wa kowace hanya haka, ki jera su. Ɗalibai da yawa suna kawo kashi 95 ko 98 na abin da suka ciro, a tafa musu, ba wanda ya tambayi bokitin da ke bayan ƙofa. Ke ki auna bokitin. Akwai boron a ciki, akwai nikel in ba ki ɓare rufin da kyau ba, akwai ƙarfe mai yawa. Ƙarfen nan in kin kwantar da shi kin gasa, jan garin fenti ne, kin ga ya tashi daga datti ya zama kaya na biyu. In lissafin ya nuna asid mai ƙarfi kaɗan ya fi tsamiya mai yawa sauƙin ɓarna, ki rubuta haka ko da ba shi kika so ba.

A babin nazarin ayyukan baya ki karanta abin da aka yi a Jami'ar Birmingham a Ingila. Su ba sa narkawa sam. Iskar haidirojin suke sakar wa had-disik, maganaɗisun ya sha ta ya kumbura ya ruguje ya zama gari, rufin nikel ya ɓare, a tankaɗe a sake matsa sabon maganaɗisu da garin. Kamfanin HyProMag a kan wannan fasaha aka kafa shi. Ita ce gajeriyar hanya, amma tana son tukunya mai rufin gaske da tsaro, ba ta lab ɗinku ba ce. Ki kuma duba aikin cibiyar Ames a jihar Iowa ta Amurka, inda Ikenna Nlebedim, ɗan asalin Najeriya, da abokin aikinsa Denis Prodius suka fito da hanyar narka maganaɗisu da ruwan gishirin tagulla ba tare da asid ba. Wannan kam za ki iya gwada ƙaraminta a kan teburinki, ta zama hanya ta uku a jerinki.

Batun awo, kada ki dogara da na'urar auna ƙarafa ta AAS, ba ta jin waɗannan ƙarafa sosai. Ki tuntuɓi ɗakin binciken hukumar nazarin ƙasa da ke Kaduna ko cibiyar bunƙasa ƙarafa ta Jos kan XRF, wato awon ƙarafa da hasken X-ray. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kuma akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004, ana auna irin waɗannan ƙarafa da ita. Ki zaɓi samfuran da suka fi muhimmanci ki aika, ki haɗa da guda ɗaya da kika san abin da ke cikinsa don ki gane ko awon ya yi daidai.

Ɗan Bukuru ya sake amsawa:

Na ji bayanin Dakta da na Baba, kuma ban musa ba, tunda sun fi ni sani. Sai dai ku lura, kowa ya zo sai ya ce wannan aikin wani ne. Mai sinadarai ya ce na mai fiziks ne, mai fiziks ya auna ya tafi, yaran injin kuma gobe da safe suna nan cikin ƙura. Malama, ki yi na maganaɗisun, Allah Ya ba da sa'a. Amma in akwai ɗalibin fiziks a makarantarku da bai zaɓi nasa ba tukuna, ki haɗa ni da shi. Ni zan kai shi wurin masu injin da kaina, sharaɗina kawai ya dawo ya faɗa musu abin da ya gani.

'Yar Sinadarai ta amsa:

Malam Ɗan Bukuru, na ɗauki wannan amana. Akwai wata ƙawata a sashen fiziks da ke neman abin da za ta yi a kan tururin nukiliya a muhalli, yau zan tura mata maganarka yadda ka rubuta ta, har da sharaɗin. Baba, na gode, na kwafe bayaninka gaba ɗaya. Zan kai wa malamina hanyoyi uku: asid ɗin salfa, gashi sannan asid kaɗan, da gishirin tagulla, tatarik kuma in lokaci da kuɗi sun bari. Malam na Titin Beirut, yaushe zan iya zuwa, kuma me zan riƙo?

Mai Gyaran Kwamfuta, Titin Beirut ya amsa:

Ki zo ranar Asabar bayan La'asar, lokacin kasuwa ta lafa, zan sa yara su tambayi maƙwabta su ware miki na tebur kafin 'yan jari-bola su zagayo. Ki taho da robar fenti mai murfi da yankakken kwali da yawa, a riƙa sa kwali tsakanin kowane biyu, don in suka haɗe suna datse yatsa kuma suna ɓarewa. Katin ATM da waya ki bar su a wata jaka daban.